Ƙarar da Nake Nema a Bakin Sanda

Na shafe fiye da shekara guda ina wasan sinuka da sandata ba tare da na taɓa tsayawa na dubi ɗan guntun fatar da ke manne a bakinta ba, sai ranar da kunnena ya fara ƙin ƙarar da take yi. Sandar mai gaɓa biyu ce da ake ɗaurewa a tsakiya, yayana ne ya kawo mini ita tsaraba, kuma faɗin bakinta milimita 13 ne, wato irin wadda aka ƙera domin teburin Amurka mai manyan ƙwallaye. A Kano duk wasan da ake yi da sanda a kan koren tebur sinuka muke ce masa, amma wanda muke bugawa a rumfar unguwarmu, mai ƙwallaye 15 masu lamba da fara guda ɗaya, shi ne wanda Turawa ke kira ful. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai neman fata, domin ƙwallon sinuka ta ainihi milimita 52.5 ce, sandarta kuma siririn baki gare ta na milimita 9 zuwa 10, alhali kuwa ƙwallon ful ta ɗan haura milimita 57, ta kuma fi nauyi.

A farkon zuwan sandar, idan na bugi farar ƙwallo sai in ji ƙwaf, ƙara cikakkiya wadda ba ta daɗewa a kunne. A hankali sai ta koma ƙyas, kamar an ƙwanƙwasa kofin tangaran da cokali, kuma a daidai wannan lokaci ne sandar ta fara zamewa daga jikin ƙwallo duk sa'ad da na so in buge ta ta ƙasa domin ta dawo baya. Na ɗora laifin a kan alli, na canja alli, abin bai sake zani ba. Da na kai bakin sandar gaban fitila na duba da kyau, sai na tarar fatar ta yi sulɓi tana sheƙi kamar ƙasan tsohon takalmi, ta kuma cinye har kaurinta bai wuce na kwabo ba. Fatar da ta yi irin wannan sheƙi ba ta riƙe alli, kuma idan babu alli tsakanin fata da ƙwallo, babu abin da zai hana zamewa. Abin da muke kira alli a wannan wasa ma ba allin allo ba ne, haɗi ne na garin yashi mai laushi da wani ma'adini mai kaushi, wanda William Spinks da William Hoskins suka yi wa rajista a Amurka a 1897, kuma aikinsa shi ne ya maƙale a cikin gashin fata ya ciji ƙwallo. Ita kanta fatar, wani hafsan sojan Faransa mai suna François Mingaud ake danganta wa ƙirƙirarta a farkon ƙarni na 19, kuma kafin shi da tsurar itace ake buga ƙwallo, shi ya sa ba a iya kauce wa tsakiyarta.

Na fita neman sabuwar fata da wani ra'ayi da na daɗe da ɗauka daga bakin manyan 'yan wasan rumfarmu, wato cewa fata mai laushi ta fi kama ƙwallo, ta fi murza ta, saboda haka duk mai son farar ƙwallo ta yi masa biyayya laushi zai nema. A wani shagon kayan wasanni na sami waɗansu a cikin leda, babu sunan kamfani a jiki, na danna farcena a kan guda ɗaya ya shiga ba tare da wahala ba, na ce na sami abin da nake so. Na sayi guda uku masu faɗin milimita 14, domin ƙa'ida ita ce a sayi wadda ta ɗan fi bakin sanda faɗi, a manna ta, sannan a yanke abin da ya fito.

Mannawar farko ita ce ta koya mini cewa ƙarar sanda ba daga fata kaɗai take fitowa ba. Na yanke tsohuwar da reza, na kankare busasshen gam ɗin da ya rage a kan farin zoben da ke bakin sandar, na goga wurin da samfefa ina riƙe da ita a hannu, na ɗiga sufagulu, na danna fatar da babban yatsa na ɗan lokaci. Da gam ya kama sai na kifa sandar a kan katako, bakin yana ƙasa, na bi gefen da reza ina yankewa kaɗan-kaɗan har fatar ta daidaita da zoben. A ido aikin ya yi kyau. Amma da na je tebur, duk bugun da na ɗan sa wa ƙarfi sai in ji wata siririyar ƙara, tsik, tana biyo bayan ƙarar bugun, kamar akwai tsakuwa a cikin sandar. Kwana biyu ina zargin gaɓar tsakiya, ina kwancewa ina ɗaurewa. Mai teburin, wanda ya shekara da shekaru yana gyaran sandunan rumfa, shi ne ya karɓe ta, ya sa farce a ƙarƙashin gefen fatar ya ɗan ɗaga, sai ga wani ɓangare ya buɗe. Ya ce mini, "Malam, ai fuskar zoben ka ɓata. Wanda ya goga da hannu ba ya samun shimfiɗa, dole gefe ya fi tsakiya cinyewa." Iskar da ta maƙale a wannan ɗan gurbi ita ce take yin tsik ɗin. Ya nuna mini yadda ake shimfiɗa samfefa a kan gilashi a goga bayan fatar a kai har ya yi ɗas, da yadda ake bin fuskar zoben da bakin reza a kwance ba tare da an taɓa gefensa ba, ya kuma ce in nemi sufagulu mai kauri wanda ba ya zuba kamar ruwa, domin mai ruwa-ruwa fata ke shanye shi kafin ya kama. Na cire ta farko na jefar, na manna ta biyu yadda ya ce, tsik ya tafi bai dawo ba.

Daga nan ne na sami damar jin fata mai laushi a kan gaskiyarta. Kwanakin farko na ji daɗinta ƙwarai. Bugun yana zuwa hannu a tausashe, kamar an sa matashi tsakanina da ƙwallo, alli yana kama ta da shafa ɗaya, zamewa kuma ta ɗauke. Ƙararta dif ce, a rufe, wadda mutumin da ke tebur na biyu ba zai ji ba. Sai dai kafin mako ya cika na lura cewa ina yawan kuskuren ƙarfi, musamman a ƙananan bugu inda ake so farar ƙwallo ta yi tafiyar taƙi biyu ko uku ta tsaya. Wani lokaci ta gaza, wani lokaci ta wuce, kuma ba na gane na yi kuskure sai bayan ƙwallon ta tsaya, alhali a da tun daga ƙarar bugun nake sanin ko na yi daidai. Bugu mai sauƙi da bugu matsakaici duk dif ɗaya suke yi mini. A mako na uku kuma gefen fatar ya fara bajewa yana fitowa waje da zoben kamar hular naman kaza, sai na yanke, bayan 'yan kwanaki ya sake fitowa. Wannan halin fata mai laushi ne ko ta wane kamfani ce, domin zarenta a sake yake, kowane bugu yana danne shi yana tura shi gefe. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da wata guda ya cika, fatar da na saya domin laushinta ta danne ta zama matsakaiciya, ƙararta ta tashi daga dif ta doshi ƙwaf, wato abin da na zaɓa a shago ba shi ne abin da ke bakin sandata ba.

A cikin waɗannan kwanaki ne wani abokin wasa ya ba ni aron sandarsa, wadda ke ɗauke da fatar Kamui ta ƙasar Japan, matsakaiciyar tauri. Idan aka dubi gefenta za a ga layi-layi, domin ba fata guda ba ce, siraran fatu ne da yawa aka jera aka manne aka matse, salon da wani kamfanin Japan mai suna Moori ya yi fice da shi tun shekarun 1990. Amfanin jerin shi ne kowane falle yana riƙe ɗan'uwansa, saboda haka fatar ba ta saurin bajewa, kuma biyu da aka ɗauko daga kwali ɗaya sukan yi kama da juna a tauri. Ba zan ɓoye ba, ta burge ni. Ƙararta a tsaftace take, bugun kuma yana da wani ɗan tsalle da na ji daɗinsa. Abu biyu ne suka tsayar da ni. Na farko kuɗi, domin abin da za a sayi guda ɗaya da shi zai sayi fiye da goma na irin fata guda. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi a wurina, shi ne na gano cewa yawancin waɗannan masu layi-layi, har da Kamui da Moori, da fatar alade ake yin su. Ba fatawa nake bayarwa ba, kuma abokina bai daina amfani da tasa ba, amma ni mutum ne da ke shafa bakin sanda da yatsa sau da yawa a cikin wasa, kuma na saba, kamar sauran 'yan wasa, in laƙaci yawu in shafa a gefen fata kafin in murza shi ya yi ƙarfi. Raina bai kwanta ba. Akwai masu layi-layi na fatar ɓaunan Asiya, kamar waɗanda kamfanin Talisman ke yi, amma a lokacin hankalina ya riga ya koma kan fata guda, wadda dole sai daga dabba mai kaurin fata ake yanko ta, irin saniya ko ɓauna, tunda fatar alade ba ta da kaurin da za ta tsaya ita kaɗai.

Da na bi sawun fata guda sai na tarar sunaye uku ne suka fi yawo a hannun masu gyaran sanda, kuma dukansu na kamfani ɗaya ne, Tweeten na birnin Chicago, wanda shi ne ma yake yin allin Master da kusan kowace rumfa ta sani. Elk Master shuɗiya ce mai laushi, wadda 'yan sinuka na Ingila suka daɗe suna so. Le Pro ruwan ƙasa ce mai santsin fuska, ta karkata wajen tauri. Triangle kuma toka-toka ce mai kaushin gashi, ita ma tsakanin matsakaici da tauri take. Na sa aka kawo mini kaɗan daga kowace, kuma da yake na gaji da yadda reza ke lanƙwashewa a hannuna, sai na tafi Kasuwar Kurmi wajen dukawa neman wuƙar yankan fata. Dattijon da na saya a wurinsa ya tambaye ni abin da zan yanka, na zuba masa su a tafin hannu. Ya ɗauki Le Pro ya shinshina, ya ɗauki Triangle ya kankari gefenta da bakin wuƙa, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ruwan ƙasar jimar itace ce, 'yar'uwar tamu ta bagaruwa. Wannan kuwa jimar kamfani ce, ba ka ga cikinta ya yi shuɗi-shuɗi ba?" Bai taɓa riƙe sandar sinuka ba, amma abin da ya faɗa shi ne ainihin bambancinsu. Le Pro da sinadarin itace ake jeme ta, kamar yadda majemanmu ke yi da 'ya'yan bagaruwa, kuma irin wannan jima tana ba da fata tsayayya mai cikakken jiki wadda ke ɗaukar sheƙi idan an murza ta. Triangle da Elk Master kuwa da gishirin kurom ake jeme su, irin jimar da masana'antun Sharaɗa da Challawa ke yi, wadda ke barin zaren fata a buɗe. Na ce masa, "Baba, to wacce za ta fi amo idan an buga?" Ya jefa su ɗaya bayan ɗaya a kan dutsen da yake wasa wuƙa, ya ce in saurara da kaina. Ruwan ƙasar ta yi ƙas, toka-tokar ta yi ƙwas a ɗan rufe, shuɗiyar kuwa da ƙyar aka ji faɗuwarta.

Matsalar gwaji ita ce sanda ɗaya gare ni, kuma kunne ba ya riƙe ƙarar makon jiya da kyau har ya auna ta da ta yau. Sai muka yi yarjejeniya da mai teburin, ya ware mini sandunan rumfa guda uku ƙirar kamfani ɗaya masu nauyi kusan ɗaya, ni kuma in sa musu fata kyauta in bar masa. Na manna Elk Master a ɗaya, Le Pro a ɗaya, Triangle a ta uku, na yi musu siffa iri ɗaya. Da safe nake zuwa, kafin a tayar da janareta kuma kafin yara su cika wurin, domin da dare ba a jin komai sai hayaniya da kiɗa. Na tsayar da bugu uku da nake maimaitawa da kowace sanda: turawa a hankali zuwa bango ta dawo, bugun ƙasa domin farar ƙwallo ta ja da baya, da bugun gefe mai ƙarfi. Alli ɗaya, ƙwallaye ɗaya, tebur ɗaya.

A bugun ja da baya ne ra'ayin da na fita da shi daga gida ya rushe. Na riƙa yin alama da alli a gefen tebur inda farar ƙwallo ta tsaya, sau goma da kowace sanda, ina jiran in ga alamomin mai laushi sun tsere wa sauran. Ba su tsere ba. Alamomin ukun sun cakuɗe da juna, kuma tazarar da ke tsakanin bugu na mafi kyau da mafi muni da sanda ɗaya ta fi duk wata tazara da ke tsakanin sanda da sanda. Daga baya na ga cewa abin da ya faru a teburinmu ya dace da binciken David Alciatore, tsohon farfesan injiniya na Jami'ar Jihar Colorado, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar bugun ƙwallo da kyamara mai saurin gaske. Abin da hotunansa suka nuna shi ne fata da ƙwallo ba sa haɗuwa fiye da kusan kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan guda, mai laushi tana ɗan fin mai tauri daɗewa, amma wannan ƙarin ba ya kawo wani ƙarin murzawa na a-zo-a-gani. Abin da ke murza ƙwallo shi ne nisan wurin da aka buga daga tsakiyarta da saurin sanda, kuma iyakar nisan da za a iya kaiwa kafin sanda ta zame shi ne kusan rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da gefe, muddin fatar tana riƙe da alli. Ma'anar wannan ita ce, a lokacin da girgizar bugu ta iso hannuna, ƙararta ta iso kunnena, ƙwallon ta riga ta kama hanya. Abin da nake ji ba ya tuƙa ƙwallo, labari ne kawai yake kawo mini na abin da ya riga ya faru. Sai dai da wannan labari ne hannu yake gyara bugu na gaba, kuma shi ne abin da fata mai laushi ta hana ni.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda abokin nan nawa ya kawo shawararsa cikin raha. Na toshe kunnuwana da auduga, na ɗora hular sanyi a kai, shi kuma yana miƙo mini sanda ta baya bayan ya shafe bakinta da alli yadda launin fatar ba zai nuna ba, in buga in faɗi wacce ce. Mai laushin nakan gane ta sau da yawa, domin a bugu mai ƙarfi hannu yana jin yadda take nutsewa. Amma tsakanin Le Pro da Triangle, waɗanda da kunne a buɗe zan rantse cewa ɗaya ta fi ɗaya tsauri a hannu, sai na koma canki-canka. Da na cire audugar, bambancin ya dawo nan take, kuma a hannuna na ji shi, ko kuma haka na ɗauka. A nan na gane cewa rabin abin da nake kira jin hannu kunne ne yake yin sa, hannu yana karɓar yabo. Wannan ya sauƙaƙa mini zaɓi, domin na daina jin kunyar cewa ƙara nake bi. A da idan na ce wa 'yan wasa ba na son amon wata fata, sai su yi dariya su ce ko kalangu na zo saya.

Kafin in yanke hukunci na gwada wata dabara da 'yan ful na Amurka suka daɗe suna yi da Elk Master, wato a jiƙa ta a madara kwana guda, sannan a matse ta tsakanin ƙarfe biyu har ta bushe, domin ta danne tun kafin a manna ta. Masu yi suna cewa sinadarin da ke cikin madara yana shiga tsakanin zaren fatar ya ɗaure shi. Na jiƙa biyu a murfin kwalba, maiɗakina tana kallo tana tambaya ko magani ne, na kai su garejin wani makanike na sa a abin matse ƙarfe. Ta farko na matse ta fiye da kima, ta fito kamar tsabar kuɗi, ƙararta ta fi ta Le Pro tsini. Ta biyu na sassauta mata, ta fito da kyau, bugunta a dunƙule, ba ta kuma baje ba. Na so ta, amma na san cewa idan ta cinye ba ni da tabbacin zan sake samun irin wannan matsi daidai, tunda da ƙarfin hannu na auna shi, kuma duk wahalar da nake sha domin in sami abin da ba zai riƙa canja mini ba ne.

Triangle na zaɓa. Le Pro ba ta yi mini laifin komai ba, bugunta a miƙe yake, kuma wanda ke son ƙara mai tsini da ke fita ƙas zai ji daɗinta, amma a kunnena tana kusa da waccan ƙyas ɗin da ta kore ni tun farko, har nakan ɗan ɗage hannu ba da niyya ba a bugu mai ƙarfi. Triangle kuwa tana da abin da nake nema, wato ƙararta tana hawa tana sauka tare da ƙarfin bugu. A turawa mai sauƙi tuk take yi a hankali, a matsakaici ƙwaf, a mai ƙarfi kuma ƙwas, saboda haka tun kafin farar ƙwallo ta kai rabin hanya na san ko na ba ta abin da ya kamata. Kaushin gashinta kuma yana riƙe alli ba tare da na yi ta kankara ba. Da na manna ta a sandata, amon ya ɗan bambanta da na sandar rumfa, ya fi zurfi, domin itacen sanda da zoben baki da gaɓar tsakiya duk suna da rabonsu a cikin ƙara, amma hawa da saukar nan suna nan yadda na ji su.

Saura siffa. Amurkawa da kuɗinsu suke auna lanƙwasar bakin fata, ko dai ta bi gefen tsabar senti 5 mai faɗin kusan milimita 21, ko ta senti 10 mai kusan milimita 18, wadda ta fi tsini. Ni ba ni da ko ɗaya, sai na nemi guntun bututun roba na famfo wanda faɗin cikinsa ya kai kusan milimita 21, na tsaga shi biyu a tsaye, na manna samfefa a cikin kwarin, na riƙa goga bakin fatar daga tsakiya zuwa gefe ina juya sandar. Na zaɓi lanƙwasa mai faɗi domin ta fi dacewa da baki na milimita 13, kuma ta fi yafe wa hannu idan ya ɗan kauce daga tsakiyar ƙwallo. Gefen kuma na ɗan jiƙa shi, na murza da bayan wani guntun fata da dattijon Kurmi ya ba ni gyara, har ya yi duhu ya yi ƙarfi. Na kuma daina fasa ƙwallaye da sandata a bugun farko, ina ɗaukar ta rumfa, domin wannan bugu ɗaya yana danne fata fiye da sauran bugun wasan gaba ɗaya.

Da damina na manna ta, lokacin da iska ke da laima. Da hunturu ya shigo, fata ta bushe kamar yadda leɓe da tafin ƙafa ke bushewa, sai na ji ƙwaf ɗin ya ɗan tashi sama, alli kuma ya fara barin wani ɗan fili a tsakiya. Ban cire ta ba. Na ɗauki samfefa mai kaushi na danna a kan bakin ina juyawa a hankali, ba gogawa ba, domin in tayar da gashin ba tare da na cinye fatar ba, kuma na daina barin sandar a cikin mota da rana. Amon ya sauko kusa da inda yake. Sauran Triangle biyu da suka rage suna cikin wani ƙaramin gwangwani mai murfi tare da wuƙar da tsagin bututun, kuma kafin in rufe shi na jefa kowace a kan siminti na saurara, na yi wa wadda ƙararta ta fi kama da ta bakin sandata alama da biro a bayanta.